Mun Ba Su Doka, Mun Rufe Musu Ƙofar Kotu

Ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci a Najeriya. Dokar ta ba kowane ginin da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar a gyara shi, yadda gurgu zai shiga da kekensa, makaho ya shiga da sandarsa, ba sai an ciccibe su ba. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk mai shakkar abin da zan faɗa ya tashi gobe da safe ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsu, ya bi ta ofishin 'yan sanda, ya leƙa kotun majistare da kotun shari'a, ya ƙare a bankin da yake ajiya. Ya duba matakalar da ke bakin kowace ƙofa, ya tambaya a nuna masa inda tafintan kurame yake zama. Abin da zai gani shi ne amsar da muka ba 'yan'uwanmu. Mun rubuta musu haƙƙi a takarda, mun tare hanyar zuwa karɓarsa. Wannan zalunci ne, kuma da sunansa zan kira shi.

Dokar nan da gumi aka same ta. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2007, ta tabbatar da ita a 2010, daga nan ta yi zamanta. Sau biyu Majalisar Tarayya tana zartar da ƙudurin a zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, sau biyu yana ƙarewa babu sa hannu. Makafi da guragu da kurame da kutare da zabiya suka yi ta safa da marwa zuwa Abuja, ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD da sauran ƙungiyoyi, suna shan rana a bakin ƙofar Majalisa. Ko a Janairun 2019 ɗin, sai da Shugaban Ƙasa ya faɗa a talabijin cewa ƙudurin bai zo gabansa ba, ɗaruruwansu suka fito zanga-zanga, sannan aka sa hannu bayan 'yan kwanaki, ana saura makonni a shiga zaɓe. Mutanen da tsallaka titi kaɗai ke zame musu jidali, su ne suka yi wajen shekara tara suna bin wannan takarda. Abin da ya rage wa masu ƙafa da ido da kunne shi ne su aiwatar. Nan muka kasa.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikinta, don da yawanmu ba mu taɓa ji ba. Duk wanda ya nuna wa mutum bambanci saboda nakasarsa, tarar naira 100,000 ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. In kamfani ne, naira miliyan ɗaya. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da ƙarar neman diyya da kansa, ko an hukunta mai laifin ko ba a hukunta shi ba. Karatu kyauta ne ga mai nakasa har ya gama sakandare. Mai larurar ƙwaƙwalwa magani kyauta ne a asibitin gwamnati. Asibitin da ke duba kurma wajibi ne ya tanadi hanyar magana da shi. A layi, mai nakasa ake fara sallama. Hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Ba a amince da zanen ginin jama'a sai an tabbatar mai nakasa zai iya shiga, kuma jami'in da ya sa hannu a zanen da ya saɓa ƙa'ida yana fuskantar tarar miliyan ɗaya ko ɗaurin shekara biyu. Babu wanda zai karanta wannan ya ce dokar banza ce. Sai dai yadda muka bar ta, tamkar a zuba wa gurgu tuwo ne a ɗora kan rumbu, a ce masa bisimilla.

Masu girma gwamnoni da ministoci da shugabannin ƙananan hukumomi, da ku zan fara, domin gwamnati ce kan gaba wajen karya wannan doka. Tun daga 2019 zuwa yau an gina sababbin azuzuwa, an gina ɗakunan shan magani, an gina kasuwanni da tashoshin mota da gadojin tsallaka titi, an yanka ƙyalle an yi tafi. Da yawansu da matakala tsagwaronta aka gina su, bayan doka ta riga ta hana. Inda aka yi gangaren keke, sau da yawa tsayinsa ya fi ƙarfin hannun mai keken, ko kuma ya ƙare a bakin kwata. Kowane gini daga cikinsu akwai jami'in da ya duba zanensa ya buga hatimi. A fito da sunayen waɗanda aka gurfanar saboda wannan hatimi mu gani. Tsohon gini a iya cewa an gada ne. Sabon gini da aka ɗora tubalinsa bayan doka, babu uzuri a cikinsa sai raini.

Zancen kashi 5 na aiki kuwa, tun a rubutun dokar aka bar ƙofar sulalewa, aka ce a yi hakan gwargwadon iko. Ta wannan ƙofa hukumomi ke fita. Makaho mai digiri zai kai takardunsa, a karɓa da fara'a, a ce babu gurbi, Allah ya ba da haƙuri, a damƙa masa kuɗin mota. Bayan wata guda sai a ji an ɗauki 'ya'yan wane da wane ta bayan gida. Hukumar kula da masu nakasa ta ƙasa sai a Agustan 2020 aka kafa ta, James Lalu ya fara riƙe ta, a 2024 aka naɗa Ayuba Gufwan. Hukuma ɗaya ce aka ɗora wa sa ido a kan ƙasa mai ƙananan hukumomi 774, kuma gurgun da ke ƙauyen Gwiwa ko Machina bai san da ita ba, balle ya san inda zai kai mata kuka. Tarar ma ta zama abin wasa a hannun mai kuɗi. Lokacin da aka rubuta miliyan ɗaya, dala tana wajen naira 360. A 2024 ta haura 1,500. Kamfanin da ke ciniki na biliyoyi ba zai fasa barcinsa ba saboda miliyan ɗaya, kuma Majalisa ta san haka.

Tushen matsalar ya kai har cikin tsarin mulki. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, garinsu, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Bai ambaci nakasa ba. Inda aka ambaci jin daɗin nakasassu shi ne sashe na 16, cikin Babi na Biyu, babin da sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika alkawuran da ke cikinsa. Wato an sa sunansu a inda ba za su iya kai ƙara ba, an tsallake shi a inda za su iya. An yi wa tsarin mulkin nan kwaskwarima sau da dama, 'yan majalisa sun samu lokacin gyara abin da ya shafi kujerunsu da zaɓensu, amma kalma ɗaya da za ta kare miliyoyin mutane ta gagara shiga.

Jihohi ma suna da nasu kaso na laifin, kuma shi ne mafi kusa da talaka. Makarantar firamare, asibitin gari, kasuwa, tasha, izinin gini, kotun majistare da ta shari'a, duk a hannun jiha da ƙaramar hukuma suke. Filato ta yi dokarta tun 2005, Legas a 2011, jihohi irin su Bauchi da Jigawa da Kano da Kaduna su ma sun yi nasu. Wasu sun ja ƙafa shekara da shekaru. A wurare da dama kuma an sa hannu, an ɗauki hoto da shugabannin nakasassu, sannan aka bar hukumar da za ta aiwatar babu kuɗi, babu ma'aikata, wani lokaci ma babu ofis. Gwamnan da ya sa hannu a doka ya hana ta kasafi, yaudara ya yi, ko da ya kira ta nasara.

Yanzu mu sauka inda abin ya fi ciwo, ofishin 'yan sanda da zauren kotu. A ɗauki misalin yarinya kurma da wani ƙato a unguwa ya yi wa fyaɗe. Ya zaɓe ta ne don ya san ba za ta yi ihu a ji ba, kuma in ta nuna shi za a ce ba a gane me take nufi ba. Uwarta ta ja ta zuwa caji ofis. Babu mai jin maganar hannu a wurin. Sai a nemi wani ɗan'uwa ya yi tafinta, wanda ta yiwu abokin mai laifin ne, ta yiwu shi kansa ya fi son a rufa asiri. A ce a kawo kuɗin mai, a kawo kuɗin takardar asibiti. Kafin magariba dattawan unguwa sun iso, suna cewa a yi haƙuri, ƙaddara ce, a je gida a sasanta, wa zai tsaya shari'a a kan maganar bebiya. Kowa ya san irin wannan labari, domin a unguwanninmu yake faruwa. Duk jami'in da ya mayar da irin wannan ƙara gida, da duk dattijon da ya sa baki aka kashe ta, ya ba mugun nan lasisin komawa ga yarinya ta gaba.

Kuma doka ba ta ba su wannan uzuri ba. Sashe na 176 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda wanda ba ya iya magana ya ba da shaida da rubutu ko da ishara a gaban kotu, kuma a ɗauke ta daidai da shaidar baki. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin tafinta kyauta in bai fahimci harshen da ake shari'a da shi ba. Kurman da aka kama, aka rubuta masa jawabi da Turanci, aka kamo yatsarsa aka dangwala, aka tura shi gidan yari yana jiran shari'a wata da watanni don babu tafinta, an ɗaure shi ne saboda kurumtarsa. Mai shari'a, ranka ya daɗe, ɗage zama saboda rashin tafinta hukunci ne a kan wanda ba a tabbatar masa da laifi ba.

Ko an samu tafintan ma, akwai abin da hukumomi ba su damu su sani ba. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali daga ta Amurka, wadda Andrew Foster ya shigo da ita ta Ibadan wajen 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu maganar hannun tun kaka da kakanni, da ita suke ciniki a kasuwa, da ita suke hira a dandalinsu, har masana sun yi nazarinta a Kano sun rubuta littafi a kanta. Kurman ƙauye da bai shiga aji ba, in aka kawo masa tafintan makaranta, ta yiwu kallon juna kawai za su yi. Kotun da ke son gaskiya sai ta nemi wanda ya iya irin maganar da mutumin ke yi, ta biya shi, ta rantsar da shi. Makaho kuma ana miƙa masa takardar sayar da gona ko ta bashi a ce ya dangwala, wanda zai ci ribar takardar shi ne mai karanta masa. Gurgu ana ɗaukarsa a kafaɗa a hau da shi bene zuwa gaban alƙali, ya isa a wulaƙance tun kafin a kira ƙararsa. Ga kuɗin lauya, ga kuɗin mota na mutum biyu, don dole ya zo da ɗan jagora ko mai tura keke. Hukumar ba da lauyoyi kyauta tana nan tun 1976, amma lauyoyinta sun yi kaɗan, kuma a manyan birane suke. Da yawa sukan lissafa wannan duka su ce sun bar wa Allah. Mu kuma sai mu kira wannan haƙuri, alhali ƙosawa ce muka jefa su ciki.

Kada mu ɗora wa hukuma komai mu wanke hannu. Shingen farko a cikin gida yake. Akwai uban da in baƙi suka zo yake cewa a shigar da yaron nan ciki. Akwai gidan da ake sa kowa makaranta ban da gurguwar, a ce ina amfanin ɓata kuɗi. An buɗe makarantar makafi a Gindiri tun 1953, ga ta Tudun Maliki a Kano, ga wasu a manyan garuruwa, amma yaron da iyayensa suka yanke hukuncin bara ce sana'arsa ba zai taka ƙofarsu ba. Wanda bai yi karatu ba kuwa, ta ina zai san akwai dokar da ta ce karatunsa kyauta ne? In uba ya rasu aka zo rabon gado, sai yayye su ce za su riƙe wa makahon gonarsa, riƙon da ba ya ƙarewa. Shari'ar Musulunci ba ta rage wa kowa ko ƙwayar gero daga gadonsa saboda nakasa ba. Wanda hankalinsa bai kai ya juya dukiya ba, amana ce a hannun waliyyinsa, a ciyar da shi daga cikinta, a yi masa sutura, a yi masa magani. Wanda ya cinye ta, wuta ya ci, ko da ana ganinsa a sahun gaba.

Mafi muni shi ne mari. A watan Nuwamban 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 da ake tsare masu larurar ƙwaƙwalwa a jihohi takwas da Abuja, asibitocin gwamnati da gidajen masu maganin gargajiya da na malamai da na coci. A kusan dukkansu ta tarar da mutane ɗaure da sarƙa. Makonni kafin nan 'yan sanda sun fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, sannan aka fasa wasu a Daura da sauran garuruwa. Ba dukkansu ne masu taɓin hankali ba, amma kusan dukkansu danginsu ne suka kai su da hannunsu. Har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan da dokar mahaukata ta 1958 take aiki, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari. Sabuwar dokar ta ba mai jinya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. To amma sarƙar da ke ɗakin bayan gida, babu dokar da za ta kwance ta sai maƙwabcin da ke jin kukan dare ya buɗe baki.

Sai maganar bara, inda munafuncinmu ya fi fitowa fili. Kano ta yi dokar hana bara tun zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso. Kaduna ta hana a Yulin 2015 bayan harin bam na Sabon Garin Zariya. A Oktoban 2024 Ministan Abuja Nyesom Wike ya ba mabarata wa'adin barin titunan birnin. Idan dokar kame ce, nan da nan za a samu mota da mai da jami'ai, a kwashe makafi da guragu da kutare cikin dare ɗaya. Idan dokar ba su aiki da karatu ce, sai a ce ana nazari. Ba na kare bara. Ita dokar 2019 ɗin ma ta haramta a yi amfani da mai nakasa wajen bara, kuma masu hayar makaho ko yaro gurgu suna yawo da shi don su tara kuɗi sun cancanci hukunci. Amma gwamnatin da ta hana mutum aji, ta hana shi aiki, ta hana shi rumfa a kasuwa, ba ta da bakin tambayarsa me ya kawo shi bakin titi. Ita ta kai shi.

Mu kuma jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya: mun fi son ba su sadaka a kan ba su haƙƙi. Sadaka tana barin hannunmu a sama, ana yi mana addu'a, muna wucewa da sanyin zuciya. Haƙƙi kuwa yana sa gurgu ya zauna kujera ɗaya da mu, ya yi takarar aiki da ɗanmu, ya nemi auren 'yarmu, ya kai mu ƙara in mun cuce shi. Wannan ne ba mu shirya wa ba. Attajirin da ke raba naira ɗari-ɗari ranar Juma'a a ƙofar gidansa yana da shaguna ashirin, babu mai nakasa ko ɗaya a cikin yaransa. Ɗan siyasa yana tara guragu a fili, ya raba kekuna goma a gaban kyamara, alhali ranar da aka kawo kasafin hukumarsu a majalisa bai ce uffan ba. Sadaka ibada ce, Allah ya karɓa. Amma ba ta sauke bashi, kuma abin da suke binmu bashi ne.

Allah ya gafarta malam, kai ma akwai tambaya a gabanka. Kai ka fi kowa sanin dalilin saukar farkon Suratu Abasa, da matsayin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da ya zama ladanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda kuma aka sha bar wa riƙon Madina in an fita. Ka san Amru ɗan Jamuh, gurgun da ya yi shahada a Uhudu. A nan ƙasar Zazzau, Aliyu Namangi makaho ne, kuma waƙoƙinsa na Imfiraji sun karantar da al'umma abin da masu ido da yawa ba su karantar ba. Da wannan tarihi a hannunmu, me ya sa masallacin Juma'ar da aka kashe wa miliyoyi ba shi da hanyar keke, har gurgu yake salla a waje kusa da takalma? Kurame nawa suka yi shekara arba'in suna zuwa Juma'a ba su taɓa fahimtar huɗuba ɗaya ba? Sau nawa aka hau mumbari aka yi wa masu cin gadon makafi da masu ɓoye fyaɗen kurame faɗa da irin zafin da ake yi a kan saɓanin ƙungiyoyi? Wannan tambaya ta hau kan fastoci ma, ba tare da ragi ba.

Za a ce babu kuɗi. Gangaren siminti a bakin ƙofar aji bai kai kuɗin allon da ake kafawa da hoton wanda ya ba da kwangilar ba. Kuma mun ga yadda doka ke aiki in an ga dama. A Maris na 2024 wani gidan abinci na KFC a filin jirgin saman Legas ya hana ɗan Gbenga Daniel, tsohon gwamnan Ogun, zama saboda yana kan keken guragu. Cikin kwana ɗaya hukumar filayen jiragen sama ta rufe wurin. Daidai ta yi. Amma abin da aka yi masa sau ɗaya, shi ake yi wa 'ya'yan talakawa kullum a tasha, inda direba ke cewa sai an biya wa keke kuɗin kujera, da banki, inda ƙofar tsaro ba ta ɗaukar keke sai a sallami mutum a rana. Hukumar JAMB tun 2017 ta ware tsari na musamman don makafi masu rubuta jarabawar shiga jami'a, kuma yana tafiya. Abin da ya samu mai tsaya masa yana yiwuwa.

Za a kuma ce ai ba za su iya ba. A gasar Olamfik ta Landan a 2012 'yan wasan Najeriya masu lafiya sun dawo hannu rabbana. Nakasassu kuwa, a tasu gasar, suka dawo da lambobi 13, shida na zinare. A Faris a 2024 haka aka maimaita, masu lafiya babu ko ɗaya, nakasassu bakwai. Ƙwallon guragu da ake bugawa a kan allo mai taya, ɗan Kano ne, Misbahu Lawan Didi, ya ƙirƙiro ta a 1988. A Kano ɗin dai waɗanda shan inna ta nakasa sun kafa wajen walda suna ƙera wa 'yan'uwansu kekuna. Da yawa daga cikin guragun ƙasar nan, sakacinmu ne ya nakasa su, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 saboda jita-jita. An ayyana Afirka ta rabu da cutar a Agustan 2020, aka yi murna, aka manta da waɗanda ta riga ta karya wa ƙafa.

Ko ƙidayarsu ba mu yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana rayuwa da wata babbar nakasa. Najeriya rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006. A zaɓen 2023, cikin masu rajista sama da miliyan 93, mutum 85,362 kacal INEC ta ce tana da bayanin nakasarsu. Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi rubutun makafi da tafintan kurame da sauran taimako a rumfar zaɓe, amma wanda ba a san yana nan ba, ta yaya za a kai masa kayan? Ɗan siyasa ƙuri'a yake tsoro. Muddin alƙaluma na nuna su 'yan kaɗan ne, zai ci gaba da ba su shinkafa maimakon doka.

Shugabannin ƙungiyoyin nakasassu, da sarakunan makafi da na guragu da na kutare, ku ma ba zan tsallake ku ba. Sarautunku tsofaffi ne, sun nuna ƙasar Hausa ta daɗe da sanin cewa jama'arku suna da murya a fada. Kada ku bari muryar ta koma ta rabon buhu da kujerar Makka. Duk shugaban da ya karɓi guraben aiki da sunan mabiyansa ya sayar, ko ya kwashi jama'arsa zuwa gangamin ɗan siyasa a kan dubu biyu-biyu, ya haɗa kai da masu danne su. Ku koya wa mutanenku abin da doka ta ce, ku tattara ƙararraki, ku nemi lauyoyi, ciki har da lauyoyi masu nakasa da ke da ƙungiyarsu a ƙasar nan, ku kai hukuma kotu. Hukunci ɗaya da aka ci wata ma'aikata tara ya fi taron bita ɗari.

Abin da ake nema ba ɓoyayye ba ne. Babban jojin kowace jiha da Alƙalin Alƙalai su sa tafintan kurame a cikin ma'aikatan kotu, su sauko da zama ƙasa duk ranar da mai ƙara ba zai iya hawa bene ba. Kwamishinan 'yan sanda ya hukunta duk jami'in da ya mayar da ƙarar fyaɗe gida. Hukumar tsara birane ta daina buga hatimi a zanen da babu hanyar keke. Kowace ma'aikata ta buga yawan masu nakasa da ta ɗauka a shekara, kowa ya gani. Majalisa ta sa nakasa a sashe na 42, ta toshe ƙofar gwargwadon iko, ta ɗaga tara. Gidajen rediyo su karanta dokar nan da Hausa sashe-sashe, yadda makahon da ke riƙe da rediyonsa a zaure zai san abin da yake bi.

Hausawa na cewa ba a gama wa ɗan Adam halitta sai ranar da ya mutu. Hatsarin babur ɗaya, hawan jini ɗaya, ciwon suga, harsashin ɗan bindiga a hanyar gona, ko tsufa kawai, sun isa su mayar da kowannenmu cikin wannan layi. Amma ba don tsoron gobenmu ya kamata mu gyara ba. Mu gyara don mutanen nan 'yan ƙasa ne yau, haƙƙinsu ya wajaba yau, kuma wa'adin da muka ɗaukar wa kanmu ya riga ya wuce. Mai hatimi, mai shari'a, mai mumbari, mai shago da mai gida, kowa ya san abin da ke hannunsa na waɗannan bayin Allah. Ya mayar musu tun kafin a tambaye shi a inda ba a ɗage zama.